Minti Goma Sha Biyu

"Minti goma sha biyu," in ji Alhaji Sahabi,
ya sake duban agogon hannunsa.
"Minti goma sha biyu ka yi a gidana,
ka buɗe baki ka ce dubu shida?
Ko likita bai yanka haka."

Na goge hannu a gefen riga.
Bangon bayinsa ya daina zufa.
Ruwan da ya kwana uku yana yawo a kan tayil
ya koma bututu, ya kama kansa.

Alhaji, agogonka ya makara.
Bai ga fitowata daga Mabera ba,
rana tsaka, irin ta Sakkwato,
mai busar da gam tun yana cikin gwangwani.
Bai ga ɗan kabu-kabu ba,
da ya ce mai ya hau, ya karɓi ɗari takwas ko murmushi babu.
Bai bi ni tsohuwar kasuwa ba,
shago uku ina cigiyar elbo inci ɗaya
wanda ba ya darewa kamar ɓawon gyaɗa.

Kuma bai san Mode Dogo ba,
Allah ya jiƙan Mode.
Shekara bakwai ina rataye da jakarsa,
sifana, zarto, farin zaren naɗe baki,
kafin ya yarda in kara kunne a bango
in ji inda ruwa ke kuka.
Wani zai fasa maka tayil ashirin yana lalube.
Ni ɗaya na cire, ga shi na mayar.
Sha taran da ban fasa ba, nawa ne kuɗinsu?

Yarona Labbo yana da waya, yana da lissafi.
Ya ce, "Oga, a yanka kuɗin awa,
kowa ya san matsayinsa."
Na kwana ina juya maganar.
In awa ake saye, mai nawa ya ci riba:
ya sha shayi, ya miƙe ƙafa,
ya nemi sifanar da ke cikin aljihunsa,
ni da na iya a sallame ni da kuɗin koko.
In kuma ido ne ma'auni,
a ga bene da mota a ninka,
to na zama ɗan fashi mai jakar kayan aiki.
Babu wadda ta kwanta mini.

Sai na sayi littafi irin na 'yan firamare.
Na rubuta: kuɗin ƙafa daban.
Kaya da rasit ɗinsu, ban ɗora ko sisi ba.
Hannu kuma gwargwadon wahala,
a faɗe shi kafin guduma ta taɓa bango,
tun ran gini, tun ran zane.
Yau ce na manta, don gaggawar ruwa,
laifina ke nan, na ɗauka.

Shafin ƙarshe babu lamba.
Nan Inna Ige ta Rijiyar Ɗorawa take.
Awa uku na yi tsugune gindin famfonta,
ta kwance bakin zane,
ɗari biyar ta fito a nannaɗe, ta yi laushi don tsufa.
Na karɓa hannu biyu don kada ta ji kunya,
na sha furarta har da suɗe ludayi.
Wannan, Labbo, kar ka sa shi a waya.

Alhaji ya ƙirga dubu huɗu,
ya ce sauran in ɗauka albarka.
Na ce mai awon gero a Mabera
bai taɓa cika mini tiya da albarka ba.
Ya yi dariyar da bai shirya ba,
ya ƙara ɗaya, ya tsaya nan.
Na sa a aljihu. Dubu ɗaya ta zauna tsakaninmu,
ba tawa ba, ba tasa ba.

A bakin ƙofa, famfon alwala na ɗiga,
ɗis, ɗis, a kan siminti mai zafi.
Na ciro sifana, juyi ɗaya, ya yi shiru.
Ban kira kowa ba.
Labbo ya dube ni, na ce ɗauki jaka,
akwai tanki yana ambaliya a Arkilla.