Daidai Tsayin Yarinya

A Grimsby, inda iska ke tahowa da ƙarnin kifi da gishiri,
na yi shekara huɗu ina ɗaukar wa Hazel Outhwaite ƙafar kyamara.
Maganarta ɗaya kullum: "Sauke ta, Tanimu. Ƙara saukewa."
Sai in durƙusa a jiƙaƙƙen siminti
har idon kyamara ya tsaya daidai ƙugun babban mutum.

Daga can ƙasa duniya wata iri ce:
hannuwa da aljihu da gefen tebur,
maɓallin riga da ya kusa tsinkewa,
manya suna magana, kawunansu sun fice daga hoto.
Na ce, "Fuskokin fa?"
Ta ce, "Hannu bai iya ƙarya ba tukuna."

Ba ta son rana tsaka.
Mukan zauna a mota, shayi yana hucewa,
muna jiran hasken nan mai launin toka
da ke zuwa bayan ruwa ya ɗauke,
ya shigo ta taga ɗaya, ta hagu,
ya kwanta a rabin ɗaki, ya bar wa duhu rabinsa.

Kuma ƙofa.
Ba a rufe ƙofa ruf a fim ɗinta.
Tafin hannu guda take bari,
iska na ɗan taɓa ta.
In ɗan wasa ya gama, ya fita,
ba ta cewa a yanke.
Sai mu riƙe numfashi muna ɗaukar kujera ba kowa,
ɗaya, biyu, har bakwai,
mai naɗar sauti yana harararta,
mai kuɗi yana duban agogo.

Wani abu rawaya kuma ba ya ɓacewa:
rigar ruwa a ƙusa, ko bokiti, ko safar hannu ɗaya.
Masu sharhi a Landan suka cika jaridu da fassara.
Ita ko ta ɗaga kafaɗa.

Sai ran da muka naɗe kaya a tsohuwar tashar jiragen kamun kifi,
ta nuna mini wani gida mai jan bulo.
"Ƙarƙashin teburin can nake zama," in ji ta,
"ina da shekara bakwai.
Uwata ba ta sa sakata,
wai kada ya dawo cikin dare ya tarar a kulle.
Rigarsa ta biyu tana rataye."
Ba ta ƙara ba. Ni ma ban tambaya ba.
Ruwa dai ba ya tsami banza.

Bara, a wani shagon wanki a Leeds,
injuna suna juya kayan mutane,
na ɗaga kai ga talabijin da aka kashe wa murya.
Ban ga suna ba, ban san labarin ba.
Hannun wata mata kawai, yana share tebur,
haske daga hagu,
ƙofa a sage.
Matar ta fita.

Na tsinci bakina yana ƙirga.

Yadda kake gane tafiyar ɗan'uwanka daga nesa
tun fuska ba ta bayyana ba,
haka na gane ta.
A na bakwai hoton ya sauya,
gwiwata kuwa ta tuna sanyin siminti.