Goshi da Jela

Ɗakinmu na hawa na biyu ne a Agege, bayan layin dogo,
saman shagon Iya Ronke mai sayar da taya.
Mun liƙe bango da soso da kwalin ƙwai,
duk da haka in jirgin Ibadan ya taso
sai mu ɗaga hannu mu jira ya wuce.

A kan tebur akwai wani akwatin ƙarfe,
na hannu ne, daga Alaba, fentinsa duk ya koɗe.
Maɓalli biyu gare shi, ba ƙari.
Ranar da Oga Bankole ya koya mini, cewa ya yi:
kowane sauti dabba ne, da goshi da jela.
Na hagu na goshi ne, inda bugu ke sauka,
na dama na jela, abin da ya rage bayan hannu ya tashi.

Shekara shida ina murɗa su.
Na ƙara wa ganguna haƙora,
na datse wa kuge surutu,
na sa tafin mutum uku ya yi kaifin aska.
Legas ma ai goshi ce zalla:
ham ɗin danfo, ihun kwandasta, ƙofar da aka banka.
Jela sai janareto,
shi kaɗai ke riƙe numfashi har asuba.

Ran wata Laraba Baba Jatau ya hawo matakala,
yana hutawa a kowace ta huɗu.
Shi ya yi wa mahautan Oko-Oba kiɗa
tun ana yanka sa a tsire a ba makaɗi ƙafa.
Jikarsa Kyauta ce ta biya kuɗin awa biyu,
wai tana so ta ajiye hannun kakanta a waya.

Ya saƙale kalangu a hammata, ya ɗaga gula.
Allurar na'ura da ƙyar ta motsa.
Bugun ya zo kamar sallamar mai jin kunya,
amma in ya matse tsarkiya
sai fata ta yi wani dogon nishi
da ban taɓa jin irinsa a ɗakin nan ba.

Na ce a raina, wannan ai gyaran minti ɗaya ne.
Na murɗa na hagu, ƙarfe biyu, ƙarfe uku,
gula ta soma sara kamar gatari.
Na juyo ina murmushi, ina jiran yabo.

Ya saurara, ido a rufe.
Ya ce, wane ne wannan?
Na ce, kai ne, Baba.
Ya ce, a'a, wannan yaron na san shi,
mai gaggawa ne, ya fasa fata uku a bikin Sarkin Fawa,
rabona da shi shekara talatin.
Ɗana, mayar mini da tsufana.

Na mayar da na hagu inda na same shi.
Ya ce, ɗayan fa, me yake yi?
Na ce, yana hana sauti saurin mutuwa.
Ya yi dariya har da tari.
Ya ce, to shi taɓa mini shi, kaɗan,
kamar gishirin mai hawan jini.

Na taɓa.
Nishin fatar ya miƙe, ya zaga ɗakin,
ya tsaya jim a bakin taga.
Kyauta ta kife wayarta a cinya.

Sai aka ɗauke wuta.
Jan idon akwatin ya dushe a hankali,
Iya Ronke na ƙwala wa yaro kira ya ja janareto.
A cikin duhun Baba Jatau bai fasa ba,
yana bugu a hankali, yana matsewa,
ni kuma hannuna na kan maɓalli,
babu abin murɗawa.