Hoto Na Tara

Ni ke buɗe ɗakin nunin nan tun Balad ba ta farka ba,
tun mai ful bai ɗora tulunsa a wuta ba.
In kashe fitilar dare, in duba ma'aunin laima,
don iskar Jidda gishiri ce da ta koyi tafiya,
ba ta sallama, sai ta shige bayan katako ta kwanta.

Hotuna goma sha huɗu, baƙi da fari.
Ruwaida ce ta ɗauke su, ita ta koya mini:
Ammu Ɗayyabu, kada ka fesa ruwa a gilashi,
fesa a ƙyalle. Ruwa ɓarawo ne,
yana gangarawa ya shiga ta ƙasa, takarda ta sha ta kumbura.
Sa safar hannu. Yatsa ko ya sha sabulu
yana barin maiƙo, baɗi ya fito kamar tabon goro.

Na saba. Da hantsi rana kan leƙo ta ramukan taga,
ta watsa gero a bangon yamma,
sai in ja labule.
Ita ba ta sata da gaggawa,
kullum cokali ɗaya take ɗiba daga baƙin hoto
har ranar da za ka ga dare ya koma ruwan toka.

Na tara nake bari ƙarshe.
Ƙofar ƙarfe ce, rabi a buɗe,
buta a dokin ƙofa, silifa wari ɗaya,
da inuwar mace a bango, babu macen.
Baƙi kan tsaya su ce, dubi yadda ta jira haske.
Wani mai tabarau ya ce inuwar ta fi fuska magana.

Ni kuwa na san kukan ƙofar nan.
Sai an tallafe ta da gwiwa take rufuwa.
Lotsawar da ke ƙasa keken Mudi ne, ranar wata sallah.
Inuwar ta Inna Talle ce.
Na gane ɗaurin kallabin,
na gane kafaɗar hagu da ta fi ta dama sauka,
shekara talatin tana saɓa buhun gyaɗa a Karantina.
A bayan ƙofar nan na ci tuwo ba adadi
lokacin da ba ni da ko riyal.

Unguwar yanzu fili ce.
Na je bara, na tsaya inda nake zaton zauren yake,
ba wanda ya shaida ni, ko kyanwa.
Inna ta riga katafila tashi, Allah Ya ji ƙanta,
ba ta ga ƙurar ba.

Ban faɗa wa Ruwaida ba. In ce me?
Kuɗin da aka liƙa a gefe albashina ne na wata biyar.
Gidan da hayarsa ba ta taɓa zuwa kan kari ba,
ga shi ya yi daraja da ya zama takarda.

Jiya aka manna jan ɗigo a ƙarƙashinsa.
Za shi Riyad, falon wani da ban sani ba.
Ni na sauke shi, ni na naɗe kusurwoyinsa,
na rubuta a bayan kwali da Larabcina mai ɗingishi:
kada ya fuskanci taga,
kada ya kusanci turaren wuta ko bakin na'urar sanyi,
a bar ɗan rata tsakaninsa da bango ya sha iska,
ƙyalle mai laushi sau ɗaya a mako ya isa.
Na so in ƙara: in za a wuce a yi sallama,
akwai babba a ciki.
Biro ya tsaya. Na rufe kwalin.

Yau da safe ƙusa ce ta rage,
da wurin zamansa da ya fi sauran bango fari.
Na fesa a ƙyalle, ba a bango ba,
na goge shi a hankali, daga sama zuwa ƙasa.