Rumfar Cindo

Ranar kasuwar Gujungu na tsaya a rumfar Cindo,
mai cajin waya, mai tura fim a memori,
janaretansa na tari kamar tsoho da mura.
Na ce, "Ba na son na soyayya, ba na son na bindiga.
Tun da ruwa ya cinye mana shinkafa a fadama
ba a sake ji a gidanmu an yi dariya.

Ba ni wanda zan kalla da Inna Kande a gefe,
da Baba, da yara har Uwale 'yar auta,
ba wanda zai sunkuyar da kai don kunya."

Cindo ya buɗe hannunsa mai yatsu shida.

"Akwai na mai tsani.
Mutum ne mai ladabi, tsani a kafaɗa,
duk wanda ya gaishe shi sai ya juya ya amsa.
Ya amsa wa mai ƙwai, ya kwashe mai manja,
ya juyo ba da haƙuri, ya tuntsurar da mai nono.
Kafin ya kai bakin kasuwa
ladabinsa ya kwantar da rabin gari a hanya.

Akwai na wanzami mai atishawa.
Kada ka tambaye ni yadda ango ya fito:
rabin kai tas, rabi kamar gonar gandu ba sharo,
hular rufin asiri kuma ta faɗa rijiya.

Akwai ɓarayi biyu, ɗaya kurma, ɗaya mai dundumi,
a duhu suka ɗaure junansu.
Wadda suka je sata ita ta ja su har ƙofar mai gari,
kuma ka san ba ta da sauri, akuya.

Ga wani na ƙasar waje, ba a fassara shi ba.
Ɗauka haka nan. Faɗuwa ba ta da yare.
Ƙato in ya zame a taɓo Inna za ta gane,
ko a ina ya faɗi a duniya.

Na direban tarakta kuwa, bar shi.
Farkonsa zuma, amma akwai ashar a tsakiya."

Ɗari biyu. Ya ƙara min ɗaya gyara.

Bayan isha'i na jingina wayar da turmi,
gilashinta a tsage ta kusurwa,
mu goma sha ɗaya, kai bisa kai.
Baba ya ja tabarma can gindin darbejiya,
ya ba mu baya, rediyo a kunne,
wai shi ya girmi shiririta.

Mai tsani ya juya. Mai manja ya kai ƙasa.
Inna Kande ta toshe baki da mayafi
tana cewa, "Bawan Allah, ajiye tsanin mana!"
Tanimu ya ƙyaƙyace ya tashi daga kan benci,
benci ya ɗaga ya zubar da Nomau,
ƙafar Nomau ta shuri ƙwaryar kunu,
kunu ya sauka a bayan agwagwa,
agwagwa ta tashi fuu,
ba ta zaɓi ko'ina ba sai kan Baba.

Muka ƙame. Har sauro ya yi shiru.

Baba ya shafa gemu, ya dubi kunun a tafinsa.
Kafaɗunsa suka soma rawa.
Wata ƙara ta fito daga ƙirjinsa
irin ta ƙyauren da ya yi damina ba a buɗe ba,
sannan ta ɓalle, har da hawaye,
har maƙwabta suka leƙo ta katanga ko lafiya.

A nan wayar ta mutu,
mai tsani na dab da layin masu tukwane.

Baba ya laluba aljihu, ya miƙo min ɗari.
"Gobe ka kai caji.
Ka kuma matso da turmin nan kusa da tabarma.
Ba kallo zan yi ba.
So nake in ga ko mutumin ya isa gida lafiya."