Jan Biro

Na shiga ajin bakina cike da zuma,
ni da na tashi a shagon yayana a Wunti,
na ɗauka hulɗa da jama'a daɗin baki ce,
ka shafa wa mutum mai a leɓe, ka wuce.

Aikin farko: sanarwa ga manema labarai
kan burtsatsen da aka haƙa a Gwallameji.
Na zuba "mai girma" har sau bakwai,
"gagarumi" huɗu, "tarihi ba zai manta ba",
shafi uku cur, na miƙa ina hura hanci.

Malama Ladidi Toro ba ta ɗaga murya ba.
Ta cire murfin jan biro da haƙori,
ta bi layi-layi, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Da takardar ta dawo hannuna,
sai ka ce an yanka zakara a kanta.
Can ƙasa ta rubuta:
"Rijiyar fa? Ina take? Wa ke ɗiba?
Nawa ne jarka kafin a haƙa ta?"

Ranar ko masa ban iya ci ba.
Na hau acaɓa ina ƙunƙuni har Yalwa.
Amma da asuba na je bakin famfon,
na tarar da Inna Kulu da bokiti biyu.
Ta ce dā sai ta yi tafiyar rabin awa,
yanzu tana dama koko kafin jikoki su farka.
Layi biyu ke nan. Na rubuta.
Malama ta karanta, ta mai da murfin bironta.
Yabon da na samu ke nan a duk zangon.

Takan ce: "Fara da abin da ya faru,
kirari a bar wa masu shi.
Suna a rubuta daidai, ko na mai shara ne.
Lambar da ba ka tabbatar ba, koma ka tambaya."
Ni kuma ina ta hamma a bencin baya,
ban san tana cusa min guzuri a aljihu ba.

Shekara biyu bayan nan, ga ni a Gudum,
jami'in yaɗa labarai na kamfanin casar shinkafa.
Wata Laraba bututunmu ya fashe,
ruwan jiƙo mai wari ya shiga gida goma sha ɗaya,
ya cinye katangar wani tela, ya jiƙa katifu.
Manaja Bappah ya tsaya a kaina:
"Rubuta ka ce ruwan sama ne."
Ruwan sama, a tsakiyar rani!

Hannuna na rawa, na tuna kuɗin haya,
na tuna wata bai ko kai rabi ba.
Sai na ji ƙarar murfin nan tsakanin haƙora.
Na buga layi huɗu:
bututunmu ne, laifinmu ne,
za mu gyara kafin Asabar,
za mu biya.
Ya soke na ƙarshen. Ya ƙi gaishe ni kwana biyu.
Da mutanen unguwa suka cika ƙofa,
shi da kansa ya ce a mai da shi.

Daren nan na yagi takarda a littafi,
ba tambari, ba kanun labari.
Shekara uku ba ma magana da Yaya Sale,
ina ta kewaye-kewaye, ina cewa rashin fahimta ce.
Wa? Me? Yaushe? Nawa?
"Ni na ɗauki kuɗin shago,
dubu arba'in, ranar jajiberi.
Ga goma, saura na tafe."

Bai amsa ba har yau.
Sai dai Juma'ar nan ya aiko yaronsa
da masa a leda, da yaji a ƙulle,
yaron ya ce ba a ba shi saƙon baki ba.

An ce Malama ta aje aiki,
tana noman dankali a garinsu.
Ni dai na sayi jan biro na naira ɗari,
yana nan a aljihun gaba.
Duk abin da na rubuta, ni nake fara yanka shi.