Inci Biyu

Ni tela ce, tef ba ya yi mini ƙarya.
Rigar Suwaiba ta sallar bara
sau uku na farke ta na rage,
inci biyu, inci biyu, har yadin ya gaji da allura.
Da damina ta dawo da ita:
“Yaya, buɗa mini, ta matse ni.”
Kafin a sare rake, na sake ragewa.

Haka zuciyarta take, ba ta da awo ɗaya.
Da hantsi ni ce uwa, ni ce uba,
ta kwanta a cinyata tana wasa da maɓallai.
Da la'asar, don na amsa wayar wata,
ni ce wadda ba ta taɓa ƙaunarta ba.
Ƙawa bakwai ta yi a Kongo,
duk ta kore su
don kada su riga ta tafiya.

Inna ta yi faten tsaki da yakuwa,
ƙamshi har zaure.
Suwaiba ta ce azumi take.
Litinin da Alhamis muka sani,
ita ta haɗa da Talata, da Asabar,
har maƙwabta na cewa Allah ya ba mu irinta.

Amma ni ke ɗinkin dare.
Na ji murfin tukunya ƙarfe biyu,
cokali yana kankare ƙanzo
kamar mai gudun kamu.
Sannan famfon bayi, an sake shi da ƙarfi
don ya binne wani sauti.
Ban tashi ba. Na taka keke na ƙara masa amo.
Wannan laifina ne, ga shi na rubuta.

An ce iska ce, an sha rubutu.
An ce iyayi ne na ’yan boko.
Ranar da ta faɗi a bakin Ƙofar Doka
muka ɗauki shata zuwa Shika.

Likitar ba ta fara da sikeli ba.
Ta ce, “Me kike ji in an fita an bar ki?”
Suwaiba ta daɗe tana kallon fanka.
“Rami. Nan, ƙasan haƙarƙari.
Ina zuba masa abinci, ba ya cika,
sai kunya ta kama ni, in kwashe.
Ranar da na hana shi kuwa,
ranar ce kaɗai wani abu a duniya
yake jin maganata.”

A baranda likitar ta ce da ni,
igiyoyi biyu ne aka tufka:
ciwon hali da ciwon ci.
Ba kowa suke haɗe wa ba,
amma a jikin ƙanwarki sun yi gida ɗaya.
Ki fizgi guda, ɗayar ta ƙara shaƙewa.
Warwara ake yi, da zama, da magana, da watanni.

Laraba tara ke nan muna zuwa.
Jiya ta zage ni, ta yi kuka, ta ci waina biyu,
ta zauna a gabana tana karkarwa
har aka kira isha'i,
famfo shiru.

Atamfar sallarta na kan tebur.
Na ɓoye tef a aljihun keke.
Da ido zan yanka,
in bar yalwar kalmasa daga ciki,
ko za ta zo wata rana ta ce,
Yaya, buɗa mini,
ba tare da ta sunkuyar da kai ba.