Baƙin Mai a Ƙarƙashin Farce

Na yi sallama dama da hagu,
na ɗaga hannu, na rasa ta inda zan fara.
Tafi biyu ne kawai gare ni,
mutanen Yawuri kuwa ba sa ƙirguwa.

Baba Nomau, wanda ya koya mini kwance injin jirgi,
ya gan ni haka a masallacin bakin ruwa,
baki na motsi, zuciya tana kasuwa.
Ya ce, "Arzika, dubi ƙarƙashin farcenka."
Na duba. Baƙin mai.
"Na injin wa?"
"Na Jabbi mai fito."
"Mutum nawa yake ɗauka ranar kasuwa?"
"Arba'in, ban da awaki da buhunan albasa."
"To, ga mutum arba'in Allah ya sa maka a hannu.
Fara da su. Awakin ma kada ka raina."

Tun ranar na daina neman sunaye a nesa.
In na zauna gaban kwanon shinkafa,
sai in tuna akwai bayan da ya sunkuya a fadama,
akwai Tumba da ta turara ta,
hayaƙi yana cin idonta shekara ashirin.
Kafin loma ta uku na roƙa mata gani.

Da dare katangarmu ba ta riƙe sirri.
Tarin tsohon maƙwabci yana ƙetarowa,
sau bakwai, sau tara, sai shiru.
Shirun nan nake tsoro.
A cikinsa nake kiran sunansa.

Akwai kuma wanda ke faɗo mini a rai ba dalili,
ina tsakiyar ɗaure noti,
abokin da muka rabu tun muna kamun fara.
Ba na tambayar me ya kawo shi.
Wanda ya aiko shi ya sani.

Mai wuyar shi ne Hakilu.
Damina uku ke nan kuɗin farfela na hannunsa.
In na hango shi ta wajen masu banda,
sai in bi ta bayan rumfar mai shayi.
Baba Nomau ya ce sunan da ya maƙale a wuya
kamar ƙayar karfasa,
shi ne ya fi bukatar fitowa.
Ranar farko na ce, "Allah ka ba shi, ya biya ni."
Na yi wata biyu a kan haka, ba zan ɓoye ba.
Wata asuba wutsiyar ta faɗi da kanta,
na ji bakina ya tsaya a "ka ba shi."
Har yau bai biya ba.
Ni dai na koma bin hanyar masu banda.

Me zan roƙa musu? Nan ma na sha ruɗewa.
In na san ciwon, sai in ambace shi da sunansa:
jarrabawar Saudatu ranar Talata,
ƙafar Mainasara da ta ƙi haɗewa.
In ban sani ba, sai in sa ƙafata a takalminsa,
in ji inda yake matsa.
In hakan ma ya gagara,
in faɗi sunan kawai, in yi shiru,
kamar mai ajiye inji a ƙofar gwani.

Kaina nakan zo a ƙarshe,
wani lokaci har in shafa ban zo ba.

Bara, da ruwa ya cika, muka kai Baba Nomau.
Sifanarsa mai lamba goma sha huɗu tana aljihuna,
ta lashe a daidai inda babban yatsansa ke zama.
Yanzu da shi nake buɗewa.

Ga ƙarar injin Jabbi can ta tashi.
Yau kasuwa.
Bari in riƙe hannuna a sama
har ya wuce tsakiyar Kwara,
inda ruwan ke juyawa.